Sati Uku Hannuna Cikin Safa

Litinin, bayan la'asar

Mun dawo daga ofishin fansho. Wannan littafi ragowar rajistar wanki ne ta asibiti, rabinsa fari fes, ban ga dalilin barin gara ta ci shi ba. Yau ranarsa ta zo, don in ban rubuta ba sai na fashe.

Shekara talatin da uku ina wanke zannuwan gado a ƙaramin asibitin gwamnati, ban taɓa makara ba sai ranar da na haihu. Yau wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana biyu ba ta ce ba ta san ni ba. An ce kowa ya ɗora babban yatsa a tantance shi kafin a fara biyansa. Na ɗora, ta kawo jar wuta. Na sake, ja. Yarinyar da ke kan tebur, mai kirki ce, ta juya tafin hannuna ta duba ta ce, "Mama, ai zanen yatsunki duk ya goge." Na ce, "'Yata, gwamnatin ce ta cinye shi, ta je ta duba cikin zannuwanta."

Ta yi dariya ta ce in je famfo in jiƙa hannu in dawo. Na bar Maigida wurinta na fita. Da na dawo muka gwada yatsu goma, babu wanda ya ci jarrabawa. Ta fara yi mini wani bayani, ga hayaniyar tsofaffi, ga kunnena na dama da ba ya shiri da taro. Maigida ya tari numfashinta ya ce, "Na gane, 'yata, na gane. Zan yi mata bayani a hanya."

Bayanin kuwa shi ne: sati uku hannuna ba sabulu, ba toka, ba igiya, ba fartanya. A shafa mai safe da yamma, a sa a safa, zanen zai tsiro. Mu koma ranar Litinin ta ƙarshe, ranar da za a rufe tantancewa. In aka rufe ba ni ciki, sai baɗi.

Baɗi kuwa ba za ta same mu a gidan nan ba. Babban ɗanmu ya faɗa tun kwanaki, kuma bai san wasa ba: in fanshon bai fito bana ba, zai zo da mota ya kwashe mu zuwa birni, ɗaki ɗaya a hawa na uku. A sayar da awaki, a rufe rijiya. Ni ban yarda ba, ban kuma iya cewa a'a ba.

Talata, da sassafe

Na ce, "To wa zai yi aikin gidan?" Ya ce, "Ni." Na kalli hannunsa na hagu da ya shanye, yana kan cinyarsa, na yi maza na kalli akuya.

Talata, da azahar

Ya ƙona shinkafa. Ya ce wutar ce ba ta da tarbiyya.

Laraba, da hantsi

Ina zaune a kan kujerarsa ta ƙarƙashin mangwaro, hannuwana cikin tsofaffin safansa, ɗaya ruwan toka ɗaya shuɗi. Sai zan yi rubutu nake cire ta dama, biro dai ba ya cikin abin da aka hana. Ya raɗa mini suna Gimbiya. "Gimbiya, a kawo shayi?" Na ce a kawo, amma a tuna ganyen jiya yana kan faranti, sau biyu ake dafa shi a gidan nan. Ya tsaya baki buɗe. Shekara nawa yana shan na jiya yana yabawa!

Alhamis, da yamma

Yau darasin wanki. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyaran kekuna, ya san sunan kowane ƙarfe, bai san ruwa yana da daraja hawa-hawa ba. Na ce masa ruwan gidan nan sau huɗu yake aiki kafin ya huta: na ɗauraya ya koma wanke masu duhu, daga nan ya goge daɓe, in babu kumfa sosai ya tafi gindin ayaba. Ya ce, "Ashe har ruwa ba ya samun fansho a hannunki."

Na nuna masa jakar gutsattsarin sabulu da nake tarawa. Ya ce ya sha ganinta, ya ɗauka layar kare gida ce. Ya yi ta cuɗa riga da hannun dama, yana danne ta da gwiwa. Na ciji leɓe har ya yi zafi don kada in sa baki.

Allah ya taimake mu gangar ruwan sama cike take, babu mai zuwa rijiya.

Juma'a, da la'asar

Maƙwabciyata mai kaji ta leƙo ta kan katanga ta gan ni da safa a hannu, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Yaya, dambe za ki shiga?" Da na ba ta labari sai tausayi ya kama ta, ta ce za ta riƙa zuwa tana yi mana wanke-wanke. Kafin in buɗe baki Maigida ya fito daga kicin da ludayi a hannu ya ce, "Mun gode, amma an riga an ɗauki ma'aikaci. Ba a neman ƙari."

Bayan ya koma ta rage murya ta ce, "Ya jikin nasa?" Na ce kajinta sun yi ƙiba bana, me take ba su?

Asabar, da safe

Ya share tsakar gida daga ƙofa zuwa ciki. Duk sharar unguwa yanzu tana bakin ɗakinmu.

Lahadi, bayan azahar

Babban ya bugo waya. Ban gaya masa zancen na'ura ba, na ce ana kan tantancewa, wanda ba ƙarya ba ne. Ya ce, "Mama, Baba yana hutawa dai ko? Likita fa ya ce..." Na ce layin ba ya da kyau. A lokacin uban nasa yana durƙushe yana kankare gindin tukunya da toka, yana waƙar da ya ƙirƙira wa tukunyar, yana kiranta azzaluma.

Yaron nan ba mugu ba ne. Tsoro ne ke cin sa tun ranar guga, ranar da uban ya faɗi a bakin rijiya, ni ma shi ke ci na. Sai dai shi tsoronsa yana da mota.

Talata, da hantsi

An kama ni. Ya tafi ba awaki dusa, na ga tukunyar miya yadda ya wanke ta, maiƙo yana kallona ina kallonsa. Na zare safa na yi mata wanki ɗaya na kirki, na mayar da safa na koma kujera na lumshe ido. Ya dawo ya tsaya a kaina ya ce, "Gimbiya, kawo hannu." Ya shinshina. "Sabulu." Na ce man shafawar ne ya canza ƙamshi. Ya ce, "To tukunyar ma man ta shafa? Hawa na uku fa, matakala hamsin da biyu, na ƙirga da muka je."

Na ji kunya ƙwarai. Ya ɗebo mai ya shafa mini da kansa, yatsa bayan yatsa. Rabon da ya riƙe hannuna haka na manta.

Laraba, da yamma

Na duba babban yatsana a hasken rana. Ni dai na ga kamar wasu layuka. Maigida ya ce shi ma ya gani, har da kwana-kwana. Ba ya gani sosai ba tabarau, amma na karɓa.

Mun zauna muna shirya abin da za mu yi in fansho ya fara zuwa. Ni na ce a fara da kwanon rufin kicin, wurin da muke tara roba uku in ana ruwa. Shi ya ce tabarau, don ya daina gaisar da turmi da magariba. Na ce sai guga sabo. Wata bakwai da yankakkiyar jarka nake jan ruwa, tana ɗiga kamar kwando. Ya ce, "Muna da guga." Na ce shinkafarsa tana ƙauri. Da gaske ma tana yi.

Alhamis, da azahar

Butar shayi ta fashe.

Alhamis, bayan la'asar

Ba na son rubuta komai yau.

Juma'a, da safe

Buta ce kawai, daga hannunsa ta suɓuce. Ta tsufa, bakinta ma ya ɓare tun bara. Ruwan bai yi zafi sosai ba, bai taɓa shi ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda ya tsaya yana kallon ƙasa, hannun na reto a gefensa, irin tsayuwar nan. Ni kuma na tashi da gudu na cire safa na fara tsince fasassun, ina cewa, "Zauna, zauna, bari in yi." Ya ce, "Kin fara ko?" Ya shiga ɗaki bai fito ba sai magariba.

Wata bakwai ina cewa zauna. Ni na ɗauke masa tsintsiya, na ɓoye akwatin kayan aikinsa a ƙarƙashin gado, na sa wa rijiya murfi da kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanina. Duk don ina son sa. Na yi kuka kaɗan a bayan kejin awaki, akuyar ta ci mini bakin safa.

Yau da asuba na ji ƙarar tsintsiya. Daga ciki zuwa ƙofa yake shara. Na juya na yi kamar barci nake.

Asabar, da hantsi

Shayi a gwangwanin madara ya fi daɗi, in ji shi. Ya yi masa mariƙi da wayar birki.

Litinin, da yamma

Saura sati ɗaya. Yau ranar wankin zannuwan gado, aikin da na fi kowa sani a duniya. Ya wanke, ya ɗauraye, sai matsewa. Zanin gado ba ya matsuwa da hannu ɗaya, kowa ya sani. Na buɗe baki zan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Allah ya sa na haɗiye.

Ya ɗaura gefe ɗaya a jikin mangwaro yana murɗawa da dama, zanin yana kwancewa yana dukan sa a fuska. Sau uku. A na huɗu na ga ya ɗauko hannun hagu da na dama, kamar mai ɗaukar kyanwa, ya ɗora a kan zanin. Yatsun suka yi ta rawa, suka yi ta rawa, sannan suka rufe. Ba duka ba, uku ne. Ruwa ya zubo.

Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Na ce, "Ka bar kumfa a gefen can." Ya ce, "Gimbiya, a asibiti ma haka kike wa mutane?" Na ce ya fi haka.

Talata, da azahar

Shinkafa ba ta ƙone ba. Gishiri ne babu. Na cinye tas.

Laraba, da la'asar

Mai kaji ta kawo ƙwai huɗu, ta ce ta ji ana cewa cin ƙwai yana tsiro da zanen yatsa. Na ce a ina ta ji? Ta ce yanzu ta ƙirƙira. Ta ga zannuwa a kan igiya ta ce, "Wa ya matse waɗannan?" Na nuna shi da baki. Ta daɗe tana kallon sa yana ɗaure akuya, sannan ta ce in ya gama da ni tana son ta ɗauke shi haya.

Alhamis, da safe

Gangar ruwa ta ƙare. Kwana tara ba a yi ruwa ba. Na buga ta da gwiwa, ta amsa mini da muryar wofi.

Alhamis, bayan azahar

Na ce mu roƙi maƙwabta. Ya miƙo hannu ya ce, "Makulli." Na ce igiyar ta tsufa. Ya ce, "Makulli." Na ce rana ta yi zafi, a bari da yamma. Ya ce, "Uwar yara, ba ni makullin rijiyata. Ni na haƙa ta."

In ya kira ni uwar yara to magana ta ƙare. Da safa a hannu ba na iya kwance ƙulli, shi ya kwance daga bakin zanina.

Na bi shi. Na tsaya a bayansa na rungume ƙugunsa da damatsa biyu, safa ɗaya toka ɗaya shuɗi, na dasa ƙafafu a ƙasa. Ya ce, "Haka za mu ja ruwan? In mai kaji ta leƙo mun shiga uku." Na ce ta leƙo. A nan ne fa. Daidai nan na same shi ranar, igiya ta zube, gugan ya tafi ƙasa, shi yana kwance yana kallona, bakinsa yana son kiran sunana ya kasa.

Ya zura jarkar. Dama ta ja, hagu ta riƙe. Dama ta ja, hagu ta riƙe. Ina jin bayansa yana rawa a ƙirjina, ko nawa ne ke rawa, oho. Jarka shida ya jawo. A ta ƙarshe ya watsa mini ruwa a ƙafa da gangan, ya ce ladan mai gadi.

Bai dawo mini da makullin ba, ban kuma tambaya ba.

Asabar, da hantsi

Ya fita ya ce zai je asibitin da na yi aiki ya gaisa da mutane. Shi kaɗai. Na zauna ina ƙirga kajin maƙwabta ta ramin katanga har ya dawo, da ƙura a ƙafa da fara'a a fuska. Ya ce babbar nas tana gaishe ni, ta ce tun da na tafi zannuwa suka yi duhu. Na san zolaya ce, amma ta yi mini daɗi.

Lahadi, da yamma

Gobe ne. Hannuwana sun yi laushi kamar ba nawa ba, har ina jin kunyar su. Na duba yatsan a rana, na duba a inuwa. Gaskiya ban ga komai ba. Na zagaya gidan, na kalli ayaba, na kalli mangwaro, na kalli wurin da muka auna tsawon yara a jikin ƙofa. Ina tsoro ƙwarai. Maigida kuwa yana goge takalminsa yana fito da baki. Fito! Na ce, "Kai ba ka da zuciya ne?" Ya ce tana nan, hutawa take.

Litinin, bayan la'asar

Bari in rubuta a jere kada in rikice.

Mun isa da wuri. Layi ya zo kaina, na cire safar, na yi bismillah na ɗora yatsa. Ja. Na sake, ja. Yatsu goma, ja goma. Matakala hamsin da biyu kawai nake gani.

Yarinyar nan ta ɗago ta gane mu. Yau babu hayaniya, kuma kunnen hagu na juya mata, don haka na ji ta sarai. Ta ce, "A'a, Baba! Ba ka ba ta takardar ba? Ai tun ranar na ce maka masu irin aikin Mama zanensu ba ya dawowa. Fom ne kawai za a cike, asibitin da ta yi aiki su buga hatimi, a ɗauki hotonta, shi ke nan. Ko washegari kuka kawo da an gama."

Na juya na kalle shi. Mutumin nan ko kunya babu. Ya cire hularsa, ya zaro takarda a naɗe daga ciki, an cike ta tsaf, ga hatimin babbar nas da kwanan watan shekaranjiya. Ya warware ta a kan tebur, ya danne gefenta da hannun hagu, ya tura wa yarinyar. Minti biyar ba a yi ba aka ce in kalli kyamara. Ban san irin fuskar da gwamnati za ta ajiye ba, amma ba ta murmushi ba ce.

Ban yi masa magana ba a mota. Ban yi masa ba da muka sauka. Sai da muka kama 'yar hanyarmu ta cikin gonaki, babu kowa, na tsaya na ce, "Sati uku! Da safarka mai wari! Ka bar ni ina duba yatsa a rana kamar mahaukaciya, ina ban kwana da ayaba!"

Ya bari na gama, kuma na daɗe ban gama ba. Sannan ya ce, "Na yi laifi, ki yafe mini tsoron da na bar ki da shi. Amma wata bakwai kina ajiye mini abinci kamar baƙo a gidana. Na roƙe ki tsintsiya kin hana. Likita ya ce in riƙa motsa hannun, kin ce likita yaro ne. Da na ga gwamnati ce kaɗai kike jin maganarta, sai na ari bakinta."

Ina son in ci gaba da fushi, dariya tana taso mini, hawaye kuma sun riga ta fita. Na ce, "Shekara talatin da uku ban taɓa hutun sati uku ba." Ya ce, "Na sani. Shi ne rabi na biyu na laifin."

Ya ɗauki jakata. Ban ce kawo in riƙe ba.

Talata, da safe

Na yi wanke-wanke, na ji daɗin ruwa a hannuna kamar me. Mun raba aiki: shara da rijiya da awaki nasa, tukunyar miya tawa har abada. Shinkafa ana kan tattaunawa.

Na buga wa Babban waya na ce an tantance ni, ya bar motarsa ta huta. Ya yi ta hamdala, sannan ya ce, "Baba fa? Yana kwance?" Na ce bari in duba.

Talata, da hantsi

Na same shi a bakin rijiya, ya fito da akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, ashe ya san inda yake tuntuni. Ya lanƙwasa ƙarfen keke ya yi ƙugiya, yana ta lalube a ƙasan ruwa. Na tsaya nesa, hannuwana a baya, na riƙe ɗaya da ɗaya don kada su tafi da kansu.

Ya fito da gugan. Baƙi ƙirin, duk laka, amma ko huda babu. Ya ɗaga shi sama da hannu biyu yana haki, ruwa na zuba masa a riga.

Wayar tana maƙale tsakanin kunnena da kafaɗa, yaron yana ta "Mama? Mama, lafiya? Ina Baban?"

Na ce, "Ka kira anjima. Babanka yana aiki."